Mubi, Majalisa da Fadar Shugaban Ƙasa: Wa Ke Da Ikon Cewa A'a?



Akwai wata ɗabi'a da mu da muka yi zaman ƙasashen waje muke da ita: da zarar an ɗauko hirar siyasar Nijeriya sai mu fara auna ta da Ingila ko Amurka. Za ka ji mutum yana cewa ai a Landan Firayim Minista da kansa yake tsayawa gaban 'yan majalisa ranar Laraba suna yi masa tambayoyi, ko kuma a Amurka majalisa tana iya riƙe kuɗin gwamnati har ma'aikatu su rufe. Duk gaskiya ne. Amma ga mutumin Mubi akwai ma'aunin da ya fi wannan kusa, wato Kamaru, wadda in ka kama hanyar Sahuda ba ka yi nisa ba za ka tarar da iyakarta. Dalili kuwa shi ne, Mubi na cikin 'yan garuruwan ƙasar nan da aka taɓa ajiye wa mutanensu akwatin ƙuri'a aka tambaye su wace ƙasa suke so su zauna a cikinta. Wanda ya zaɓi ƙasa kuwa ya zaɓi tsarin mulkinta, ko ya sani ko bai sani ba. Saboda haka yau nake so mu bi tarihin yadda aka raba iko tsakanin majalisa da shugaban ƙasa, mu dube shi daga nan Mubi, mu ga abin da ya tsinana mana da kuma inda ya bar mu a rana.

Zaɓin da iyayenmu suka yi

Kamar yadda mai karatu ya sani, ƙasar Mubi ta fara shiga hannun Jamusawa ne a farkon ƙarni na 20. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba Kamarun Jamus tsakanin Faransa da Ingila, mu muka faɗo ɓangaren Ingila, daga 1946 kuma muka zama yankin amana a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ana mulkinmu daga Yola a cikin Lardin Adamawa. Da 'yanci ya gabato sai aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko a watan Nuwamba 1959. Mutum 42,788 suka ce a haɗa su da Jihar Arewa, mutum 70,546 kuma suka ce a dakata tukuna. Masana tarihi da dama suna ganin wannan ƙuri'a ta nuna fushi ce da irin mulkin En'e da ake yi wa yankin daga Yola, shi ya sa aka yi maza aka kafa wa yankin nasa hukumomin En'e, har da ta Mubi. A ranakun 11 da 12 ga Fabrairu 1961 aka sake jefa ƙuri'a, wannan karon har da mata, alhali matan Arewacin Nijeriya ba su sami wannan dama ba sai a ƙarshen shekarun 1970. Mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ran 1 ga Yuni 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa.

To, me ke gefen kowane akwati a wancan lokaci? A Yawunde akwai Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, shugaban ƙasa mai cikakken iko, wanda zuwa 1966 ya mai da ƙasar mai jam'iyya ɗaya, a 1972 kuma ya rushe tsarin tarayya gaba ɗaya. A Ikko kuwa tsari ne irin na Ingila. Majalisar Wakilai tana da kujeru 312, Arewa na da 174 a ciki, kuma daga cikin 'yan majalisar ne Firayim Minista da ministocinsa suke fitowa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shi kansa wakilin mazaɓa ne, a zauren yake zama, kuma ranar da ya rasa rinjaye a zauren to gwamnatinsa ta faɗi. Majalisar Dattawa ta lokacin ba jama'a suke zaɓenta kai tsaye ba, ƙarfinta bai wuce ta jinkirta ƙudiri ba. Dokta Nnamdi Azikiwe kuwa, wanda ya zama Gwamna Janar a 1960 sannan shugaban ƙasa a 1963, yana da kujera da girma amma ragamar mulki tana hannun Firayim Minista.

Wannan rabo na sarki biyu a gari ɗaya bai daɗe ba ya nuna ɓarakarsa. Bayan zaɓen 30 ga Disamba 1964, wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa a wurare da yawa, Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati. Ƙasa ta yi kwanaki a tsaye, ana muhawara kan wanda soja da 'yan sanda za su karɓi umarni daga gare shi, har masana shari'a suka tabbatar Firayim Minista ne. Sai ran 4 ga Janairu 1965 aka sasanta. Shekara guda bayan nan, ran 15 ga Janairu 1966, soja suka yi juyin mulki.

A nan akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe. Duk lokacin da soja suka karɓi mulki, ofishin shugaban ƙasa yana nan, sai ma ƙarfi da yake ƙarawa. Kotuna ma suna ci gaba da zama. Majalisa ce kawai ake rufewa a ranar farko. A cikin shekara 39 na farko bayan 'yanci, kusan 29 soja ne ke mulki. Wato ɓangaren zartarwa ya girma ya yi gemu, majalisa kuwa kullum daga rarrafe take sake farawa. Mu kanmu talakawa mun saba da cewa gwamnati mutum ɗaya ce.

Tsarin da muka aro daga Amurka

A watan Oktoba 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta sabon kundin tsarin mulki, mutum 49 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams. Abin da ya faru a 1964 yana cikin ransu, saboda haka suka ce a yi shugaba ɗaya mai cikakken iko, wanda duk ƙasa za ta zaɓa, kuma dole ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi. Da yake sun san sun ba mutum ɗaya ƙarfi mai yawa, sai suka ajiye masa majalisa mai zaure biyu a gefe, wadda ba shi da ikon rushewa. Da wannan aka shiga Jamhuriya ta Biyu a 1979. Jam'iyyar NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sami kujeru 36 ne kawai cikin 95 a Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 a ta Wakilai, dole sai da ta ƙulla ƙawance da NPP kafin ta iya gudanar da komai. Mu a lokacin muna Jihar Gongola, kuma GNPP ce ta ci gwamna, wato Alhaji Abubakar Barde. A Kaduna kuwa aka ga ɗaya fuskar wannan tsari, inda majalisar jiha mai rinjayen NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Alhaji Balarabe Musa na PRP, daga ƙarshe ta tsige shi a watan Yuni 1981.

Kundin 1999 da muke amfani da shi yanzu, a kan wancan na 1979 aka gina shi. Majalisar Dattawa tana da kujeru 109, uku daga kowace jiha da ɗaya daga Abuja, don haka Adamawa da Kano da Legas duk kunnen doki suke a can. Majalisar Wakilai tana da 360, an raba su bisa yawan jama'a, Adamawa na da 8. Mu Sanatanmu shi ne na Adamawa ta Arewa, wadda ta haɗa Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu da Maiha da Michika da Madagali. A zauren Wakilai kuwa, Mubi biyu da Maiha kujera ɗaya suke da ita. Farfesa Iya Abubakar, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya fara riƙe kujerar Sanatan daga 1999 zuwa 2007, daga baya irin su Bindo Jibrilla da Binta Masi Garba suka zauna a kanta.

Shi shugaban ƙasa shi ne babban kwamandan askarawa, shi ke naɗa ministoci da jakadu, shi ke tsara kasafin kuɗi, shi ke aiwatar da doka. Amma kusan kowace ƙofa an ba majalisa mabuɗi na biyu. Minista ba ya kama aiki sai Dattawa sun tantance shi. Ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai majalisa ta amince da kasafin. Ba a shelanta yaƙi da wata ƙasa sai zaurukan biyu sun zauna tare sun yarda. Sashe na 88 ya ba majalisa ikon binciken duk hukumar da ta ba kuɗi. Idan an kai wa shugaba ƙudiri yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kuma kashi biyu bisa uku na kowane zaure suka sake amincewa, ya zama doka ko ba hannunsa. An yi haka a shekarar 2000 da dokar hukumar raya yankin Neja Delta, lokacin Obasanjo. Sannan akwai tsigewa a sashe na 143, wadda Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba ta yi wa Obasanjo barazana da ita a 2002. Shi ma shugaban ba a hannu sake yake ba, domin jam'iyya da kwangila da muƙamai da 'yan sanda duk suna gefensa. Ba banza ba aka yi shugabannin Majalisar Dattawa har biyar tsakanin 1999 da 2007.

Ranar da majalisa ta ce a'a

In aka tambaye ni ranar da wannan tsari ya biya mu kuɗin ƙuri'ar 1961, zan ce 16 ga Mayu 2006. Magoya bayan Obasanjo sun kawo gyaran kundin tsarin mulki wanda zai ba shi damar zarcewa karo na uku. Gyaran kundi kuwa yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowane zaure da kuma amincewar majalisun jihohi 24. Mataimakinsa, Atiku Abubakar, ɗan Jada, wadda ita ma tana cikin tsohon yankin amana, ya fito fili ya yi adawa. Shugaban Majalisar Dattawa Ken Nnamani ya bari aka nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane Sanata ya tashi ya faɗi matsayinsa mutanen mazaɓarsa suna kallo. A ranar ƙudirin ya mutu. Da fadar shugaban ƙasa ta ce Atiku ya rasa kujerarsa don ya bar PDP, sai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilu 2007 cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon cire mataimakinsa, wannan aikin majalisa ne.

Yanzu mu leƙa ƙetaren Sahuda. Shekara biyu bayan nan, ran 10 ga Afrilu 2008, majalisar Kamaru mai kujeru 180 ta kaɗa ƙuri'a kan irin wannan buƙata, wato a cire wa'adin shugaban ƙasa. Mutum 157 suka ce e, biyar suka ce a'a. Paul Biya, wanda ya gaji Ahijo ran 6 ga Nuwamba 1982, an sake rantsar da shi a 2025 yana da shekara 92. Kundinsu na 1996 ya tanadi Majalisar Dattawa amma ba a kafa ta ba sai 2013, kuma aka ba shugaban ƙasa ikon naɗa 30 cikin mutum 100 da ke cikinta. A Nijar ma, da majalisa ta zame wa Tandja Mamadu ƙarfen ƙafa a kan shirinsa na tazarce, sai ya rushe ta a watan Mayu 2009, abin da ya ƙare da juyin mulki a Fabrairu 2010. A cikin wannan watan na Fabrairu 2010 ne majalisar Nijeriya ta fitar da ƙasa daga wani ramin, lokacin da marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yake jinya a Saudiyya bai miƙa mulki a rubuce ba, ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba.

Ranar da Mubi ta faɗi

Amma fa tsarin yana da ɗaya gefen, kuma mu mutanen Mubi mun fi kowa saninsa. Sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa ikon kafa dokar ta-ɓaci, da sharaɗin kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowane zaure su amince cikin 'yan kwanaki, kuma duk wata shida sai an dawo gabansu. Hikimar wannan sharaɗi a fili take: a ba wakilan jama'a dama su tambaya, ikon da muka ba ka wata shida da suka wuce me ka yi da shi? Ran 14 ga Mayu 2013 Shugaba Jonathan ya kafa dokar a Adamawa da Borno da Yobe. Aka katse layukan waya, aka sa dokar hana fita, aka cika hanyoyi da shingaye. Majalisa ta amince a lokacin, ta sabunta a Nuwamba 2013, ta sake sabuntawa a Mayu 2014. A watan Satumba 2014 Dattawa suka amince a ciwo bashin dala biliyan ɗaya don sayen makamai. An kira hafsoshin tsaro, an yi zama a asirce, amma mu da ke zaune a bakin wuta ba mu ga rahoton da ya gaya mana ina kuɗin tsaro suke shiga ba, alhali tun watan Mayu na shekarar sojoji sun yi bore a barikin Maimalari da ke Maiduguri. Zargin karkatar da kuɗin makamai, sama da dala biliyan biyu, bai fito sosai ba sai a ƙarshen 2015, kuma kwamitin da sabon shugaban ƙasa ya kafa ne ya tono shi.

Dubi yadda kwanakin suka jeru, mai karatu. Ran 15 ga Yuli 2014 majalisar jihar Adamawa ta tsige Gwamna Murtala Nyako, kakakinta Ahmadu Umaru Fintiri ya zama muƙaddashi, a watan Oktoba kuma kotu ta ce Bala Ngilari ne gwamna. Gwamna uku cikin wata uku ke nan, kuma daga baya kotu ta ce tsigewar ma ba a yi ta bisa ƙa'ida ba. Ana wannan a Yola, Madagali da Gulak da Michika suka faɗa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya. Ran 28 ga Oktoba Kakakin Majalisar Wakilai Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da komawarsa APC, zauren ya ɗage zama zuwa Disamba. Washegari, 29 ga Oktoba, 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, gari na biyu a girma a jihar, suka canja masa suna. Mutane suka fantsama, wasu Yola, wasu suka hau duwatsu a ƙafa suka tsallaka Kamaru, ƙasar da iyayensu suka ƙi zaɓa a 1961. Sai wajen tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin, da taimakon mafarauta da 'yan banga.

Ran 20 ga Nuwamba aka kira Majalisar Wakilai zaman gaggawa don ta duba buƙatar ƙara wa'adin dokar ta-ɓacin. Wannan ita ce ranar da ya kamata a ce wakilinmu ya miƙe ya tambayi yadda aka yi gari ya faɗi bayan wata goma sha bakwai ana cikin dokar. Maimakon haka 'yan sanda suka rufe ƙofar majalisa don hana Kakakin shiga, aka harba barkonon tsohuwa, duniya ta ga 'yan majalisa da manyan riguna suna haura shinge. Waɗanda suka samu shiga suka ƙi amincewa da ƙarin wa'adin, dokar ta ƙare haka nan. Fadar shugaban ƙasa da majalisa sun gwada ƙarfi a ranar, amma a kan kujerar Kakaki da zaɓen 2015 suka gwada shi, mutanen Mubi kuwa suna kwance a sansanonin gudun hijira.

Abin da na fahimta

Ni a ganina, abin da tarihin nan yake nunawa shi ne kundinmu ya ba majalisa haƙori, sai dai tana cizo ne kawai ranar da 'yan cikinta suka san ana kallonsu. A 2006 kowa ya ga bakin Sanatansa yana motsi. A watan Agusta 2023, da aka fara maganar kai soja Nijar bayan juyin mulki, Arewa ta ɗau zafi, Sanatocinta suka fito suka ƙi, zauren ya ce a bi hanyar sulhu. Amma a watan Maris 2025, da Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ya dakatar da gwamna da majalisar jihar na wata shida, zaurukan biyu da murya suka amince, masu e su ce e, masu a'a su ce a'a, aka buga guduma. Yaya ake ƙirga kashi biyu bisa uku da kunne? Kuma wa zai iya gaya mini a Mubi yau abin da wakilinsa ya ce a ranar?

Laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Shugaban ƙasa na mutum sama da miliyan 200 ne, ba lalle ya san hanyar Maiha ko kasuwar shanun Mubi ba. Kujeru biyun nan, ta Sanata da ta ɗan Majalisar Wakilai, su ne kaɗai wurin da aka rubuta sunanmu a Abuja. Amma in ɗan majalisa ya zo gida, da me muke auna shi? Buhun shinkafa nawa ya raba, babur nawa, rijiyar burtsatse nawa ya haƙa, wa ya samar wa aiki. Waɗannan ayyukan mazaɓu kuwa a cikin kasafi ake cusa su, kuma ɓangaren zartarwa ne ke sakin kuɗinsu. Ka ga ke nan mu da kanmu muke tura shi ya je ya durƙusa gaban wanda aka aike shi ya sa wa ido. Bakin da ya ci kuwa, an ce shi ke godiya.

Shawarata ga 'yan'uwa, na gida da na waje masu aiko da kuɗi da ra'ayi a lokacin zaɓe, ita ce mu ƙara wasu tambayoyi a kan na shinkafa. Wane kwamiti kake ciki? Wace hukuma ka taɓa kira ta yi bayanin kuɗin da aka ware wa yankinmu, misali hukumar raya Arewa maso Gabas da aka sa hannu a dokarta a 2017? Ranar da aka kaɗa ƙuri'a kan bashi ko dokar ta-ɓaci, me ka zaɓa, kuma za ka goyi bayan a riƙa rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa? Iyayenmu maza da mata sun yi layi a rana a 1961 an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, har yau muna da adadinsu. Bai kamata a ce mutum 469 da ke zaune cikin sanyi a Abuja sun fi ƙarfin a ƙirga su ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a 2014, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu wakilai masu tsoronSa. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani, musamman dattawan da suka ga ƙuri'ar 1961 da idonsu, ƙofa a buɗe take. Sai mun sake haɗuwa, in Allah Ya kai mu.

Wassalam.